Sawun da Baba Ya Buɗe

Koivula, Ontario
24 ga Janairu, 1988

Zuwa ga Yayana Tauno,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Doreen da yara. Yaya sanyin Calgary? Mu nan dusar ƙanƙara ta kai bakin taga, kullum sai na yi haƙa kafin in isa wurin kaji. Ni lafiyata ƙalau, ban da ciwon bayan nan da ka sani.

Kada ka ce me ya hana ni buga waya. Ka san layinmu ɗaya da gidan maƙwabcinmu Veikko, ka kuma san matarsa Impi. Kafin in ce uffan na ji numfashinta a kan layi. Abin da zan gaya maka ba na kunnen Impi ba ne.

Yaya, Baba ba lafiya. Ba irin mantuwar da ka gani bara ba, ta ina na ajiye tabarau. Tun shigowar hunturu ya zauna a kujerar marigayiya Mama ta bakin murhu, ya ƙi tashi. Ƙafafunsa sun kumbura, ko silifas ba ya shiga. In na kawo masa miyar kifi sai ya kalle ta ya ture. Likita ya ce zaman nan yana kashe masa zuciya, lallai ya riƙa tafiya kullum. Na ce, "Likita, to bismilla, zo ka ɗaga shi." Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kayar da itatuwa a daji, ni ce zan ɗaga?

Abin da ya fi ci mini rai, bai san ni ba. "Malama" yake ce mini. "Malama, an gode da abinci." "Malama, ke 'yar gidan wa ce?" Ni da na bar aikina a gidan burodi na dawo ina wanke masa ƙafa. Amma kai, kai da kake leƙo mu sau ɗaya a shekara da tumbinka, kullum sai ya tambaye ka. "Tauno ya dawo daga makaranta?" In ce ya dawo. "Ya ci abinci?" In ce ya ci, har ya yi masa yawa. Ka ga ai ban yi ƙarya ba.

Ranar Lahadi in na lallaɓa shi zuwa coci, yana cire hula ya gaisa da mutane tsaf, sai dai su ce Baba Eino ya yi sanyi kwana biyu. Ba wanda ya san zurfin abin, ni kuwa ba zan faɗa ba. Rabin garin nan shi ya koya musu tsayuwa a kan katakon zamiya, wanda ake ɗaurawa a ƙafa a yi tafiya a kan dusa. Ba zan bari a riƙa nuna shi da baki ba.

Ka zo, ko na mako guda ne. Na gaji, Yaya.

Ƙanwarka,
Sirkka

Calgary
5 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Sirkka Gajeriya,

Na sami takardarki, na kuma ji ba daɗi. Muna lafiya duka, sai ƙaramin da ke fama da tari. Doreen tana gaishe ki. Batun tumbi kuwa, ki bar shi, ba a gonarki ya tsiro ba.

Zuwa yanzu ba zai yiwu ba. Saura kwanaki a buɗe babbar gasar wasannin hunturu ta duniya, an soke hutun duk wani direban bas sai an gama. Garin nan ya haukace, Sirkka. Kowa ya zama ɗan wasa rana ɗaya. Mai gidanmu a wurin aiki, wanda hawa matakalar bas yake sa shi haki, ya sayi katakan zamiya da riga mai matse jiki. Doreen ta ɗauke man shanu daga kan tebur, wai za mu gyara jiki. Ni dai na ce a bar ni in mutu da ɗanɗano a baki.

Jiya na kai ma'aikata can cikin duwatsu inda za a yi tseren zamiya na daji. Yanzu inji ne ke buɗe sawun da katakai ke bi, ya ja layi biyu sumul kamar an sa ma'auni. Na tsaya ina kallo, sai Baba ya faɗo mini a rai. Kin tuna in dusa ta sauka, kafin mu gama shan kunu ya fita ya buɗe mana sawu har makarantar da ke hayin tafki? Kuma saboda ke yake matse ƙafafunsa, sawun ya fito matsattse daidai gajerun ƙafafunki. Ni kuwa katakaina su yi ta karo da juna, in yi ta kifewa. Da na kai ƙara ya ce, "Kai babba ne, ka iya da kowane sawu. Ita fa?" Har yau ban yafe miki ba.

Ki kunna masa talabijin in an fara. Ko ba komai zai ga dusa da mutane suna motsi.

Yanzu ga maganar da nake ta kewaye-kewaye. Kin ce kin gaji, na kuma yarda. Doreen ta san wata ma'aikaciya a wani gidan kula da tsofaffi a Thunder Bay, mai tsabta, har da masu jin yarenmu a ciki. Na sa sunan Baba cikin masu jiran gado. Suna kawai na sa, kada ki tashi hankalinki. Ba na so in rasa uba in kuma rasa ƙanwa.

Yayanki,
Tauno

Koivula
18 ga Fabrairu

Yaya Tauno,

Gaisuwa. Muna lafiya. Allah ya ba ƙaramin sauƙi. Ka gaida Doreen, ka ce na gode da wahalar da ta sha wajen nemo wa ubana ma'ajiya.

"Suna kawai na sa." Haba Yaya! Cewa na yi na gaji, ban ce ka zo ka kwashe shi ba. Mace ba ta da ikon cewa ta gaji ke nan sai a ɗauke mata uba? Na karanta takardarka a tsaye, na sake karantawa a zaune, na wurga ta cikin itacen hura wuta. Ba don abin da ya faru ba, da sai dusa ta narke za ka ga amsata.

Na kunna masa talabijin ɗin, ba don ka ce ba. Kwanakin farko ko a jikinsa. Masu rawa a kan ƙanƙara, masu ƙwallon gora, duk ya bi su da ido kamar yana kallon bango. Sai ranar da aka nuna tseren dogon zango cikin daji. Ina wanke-wanke na ji murya a bayana, irin muryarsa ta da: "Kai, wannan yaro asarar ƙarfi yake yi! Wa ya koya masa hawan tudu?" Na juyo. Yaya, Baba ne a tsaye. A tsaye! Hannayensa suna kai da komowa kamar yana riƙe da sanduna. Ya ce, "Malama, ina aka kai mini katakaina?"

Na sauko da su daga rufin rumbu. Ya shafa su, ya shinshina, ya ce wani sakarai ya bar su da ƙishi. Ya nemi kwalta da kaki, ya zauna bakin murhu yana gasa su yana murzawa, gidan duk ya ɗauki warin nan na ƙuruciyarmu. Mutumin da ba ya iya sa maɓallin rigarsa fa. Na shiga ɗakin ajiya na sha kukana, na wanke fuska na fito.

To amma ina zan bar shi ya je? In ya shiga daji bai san hanyar gida ba. Sai dabara ta zo mini. Ka san mai katako ba ya barin sawu matuƙar akwai sawu a gabansa, ƙafarsa ce ke bi, ba kansa ba. Na ɗaura tsofaffin katakan Mama na tattake masa sawu guda: daga bakin ƙofa, ya zagaye gonar dankali, ya bi ta bayan ɗakin wankan tururi, ya dawo bakin ƙofa. Ba reshe, ba mararraba. Duk inda ya nufa gida zai dawo. Daga tagar kicin ina ganinsa ko'ina, sai dai in ya shiga bayan ɗakin tururi, nan ma kafin in juya cokali ya fito.

Ranar farko zagaye ɗaya ya yi, ya dawo yana haki, kumatunsa ja. Ya cinye kwano biyu na miya, ya tambaya ko akwai burodi. Jiya sai da na fita na tare shi, don ya ƙi tsayawa. Yana barci kamar jariri.

Ka je ka goge sunan nan.

Sirkka

Calgary
24 ga Fabrairu

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Tarin ƙaramin ya lafa. Ni dai barci ne ba na samu, daga wannan fili sai wancan, ɗauke da mutane masu tutoci da ƙararrawa suna ihu a kunnena.

Labarin Baba ya sa ni hawaye a wurin shan kofi, gaban ƙarti. Na ce musu tururi ne ya shiga mini ido. Na gode miki, Gajeriya, da gaske nake.

Amma ina kan sitiyari tsoro ya kama ni. Tsoho mai ciwon zuciya, cikin sanyin da ke tsaga itace, shi kaɗai a fili. Kin tambayi likita kuwa? In ya faɗi a bayan ɗakin tururi fa? In ke kika kwanta ciwo, wa zai tattake sawun? Ki gaya wa Veikko gaskiyar halin da ake ciki. Shi ba Impi ba ne, yana iya riƙe bakinsa, kuma Baba ne ya raine shi a kan katako. Ido huɗu ya fi naki biyu da ke kan tukunya.

Batun gidan tsofaffin nan, sun aiko cewa za a sami gado zuwa ƙarshen Maris. Ban amsa ba, ban ƙi ba. Bari a gama wannan hayaniya in zo in gani da idona, sannan mu yanke shawara.

Kada ki yi fushi. Na san za ki yi.

Yayanki,
Tauno

Koivula
2 ga Maris

Tauno,

Muna lafiya, tunda abin da kake son ji ke nan kafin ka rubuta rahotonka.

Za ka zo ka gani da idonka? Sannu sufeto. Wato idona da ke kansa safe da yamma bai isa ba, sai naka da ke kan titi ya zo ya tabbatar. Ai da ka faɗa kai tsaye: Sirkka ƙarya take yi, a tanadi gado.

Na kai Baba wurin likita, ba sai ka tuna mini ba. Kumburin ya saɓe, takalmansa suna shiga. Likita ya saurari ƙirjinsa ya sake saurara, ya ce, "Duk abin da kike ba shi ki ci gaba, in da saura ki sammini." Ni kaina tattakar sawun nan kowace safiya ta gyara mini baya, siket ɗina na coci har juyawa yake a ƙuguna.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. An gama gasarku an kashe wutar bikin, amma ciwon zamiya ya kama Koivula. Duk wanda ya kalli talabijin ya hau rufin rumbu ya sauko da katakan kakansa. Fasto a kan katako yake zuwa coci. Mai kanti ya bar taba, wai numfashi yake nema. Impi, Yaya, Impi! Ta ɗaura, ta zame, ta faɗa kwalbatin bakin hanya, sai da maza biyu suka ciro ta, bakinta bai tsaya ba har aka fito da ita. Sun ma sa ranar tsere bayan bikin Ista, har da kyautar kek.

Al'adar da ma ta dawo. Kowa ya buɗe sawu daga ƙofarsa sai ya haɗa da na maƙwabcinsa, har su gangara tafki. Ka san yadda muke a nan, sawun da ya ƙi haɗuwa da na maƙwabci gaba ake nufi da shi. Namu ne kaɗai a ware. Shekaranjiya Veikko ya jingina da shinge ya ce, "Sirkka, faɗa muke yi ne ban sani ba? Baba Eino guda yana ta zagaye gonar dankali kamar doki a turke!" Na ce, "Shiri yake yi a ɓoye, ranar tsere zai ba ku kunya." Ya yi dariya har da buga cinya. Daidai nan Baba ya iso, ya tsaya, ya ce, "Veikko, har yanzu riƙon tsintsiya kake yi wa sanda?" Da sunansa ya kira shi. Veikko ya cire hula.

Shi ne kake so in je in ce masa mutumin nan bai san inda banɗakin gidansa yake ba? A kan katako shi Baba Eino ne cikakke. Wannan kaɗai ya rage masa, ba zan karɓe ba.

Ni kuwa har yanzu Malama ce. Ya san Veikko, ya san ka, ya san sunan karen da ya mutu tun muna yara. Ba komai.

In batun gado ne kaɗai labarinka, ka riƙe takardarka.

Sirkka

Calgary
14 ga Maris

Zuwa ga Gajeriya, sarauniyar fushi,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Na rubuto kin yi shiru. Na buga waya kin ce "lafiya lau" kin ajiye, ni da Impi muka saura a kan layi muna jin numfashin juna. To na ji, na sha wuya, a yi haƙuri.

Ba ki fahimce ni ba. Da na ce zan zo in gani da idona, ba bincike nake nufi ba. So nake in ga ubana a tsaye. Shi ke nan. Rabona da ganinsa a kan katako tun kafin in yi aure.

Na kira gidan tsofaffin nan na ce su ba wani gadon. Matar ta ce in yi tunani, na ce ƙanwata ta riga ta yi mini. Zance ya ƙare, ba za ki sake ji a bakina ba.

Yanzu ki zauna kada ki faɗi don dariya. Na sayi katakai, na hannu, wurin mai gidanmu da ya gaji da nasa cikin mako biyu. Ranar farko na kife a gaban wasu 'yan makaranta, wata ƙaramar yarinya ta zo ta ce, "Kawu, in taimake ka?" Doreen ta yi dariya har ta zauna a dusa. Amma na nace. Kullum kafin aiki ina zagaya filin bayan unguwarmu, kuma kin san wani abu? Ƙafa ba ta mantuwa. Ina jin muryar Baba a kunnena, "Durƙusa gwiwa, kai buhu!" Bel ɗina ya matsa rami ɗaya. Tumbin da kike zagi yana shirin barin gari.

Labarin Veikko da doki a turke ya ba ni dariya sosai. Ki ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba gaba. In na zo ni da kaina zan haɗa sawun, in bi Baba a baya har tafki, ke kuma ki zauna ki ɗora ƙafa a kujera ko na yini ɗaya. Na karɓi hutu makon Ista, tikiti yana aljihuna.

In Baba ya tambaye ni, ki ce masa na taso daga makaranta, ina hanya.

Yayanki mai laifi,
Tauno

Koivula
27 ga Maris

Yayana,

Ina fatan ka isa gida lafiya. Ka gaida Doreen da yara, ka gode mata da abincin da ta yi ta dafa wa masu zuwa gaisuwa. Ni ina nan. Ina ci, ina sha, ina ba kaji hatsi.

Takardarka ta iso ranar da aka yi wa Baba addu'a a coci. Na sa ta a aljihu ban buɗe ba sai da motarku ta fita daga gari. Na karanta inda ka ce in gaya masa kana hanya, na zauna a ƙasan kicin. Da na buɗe ta kana nan, da wataƙila mun yi magana. Kwana huɗu muna gida ɗaya, ba abin da ya haɗa mu sai "miƙo gishiri".

Ka ji labari a bakin maza: ya fita, zuciyarsa ta tsaya, an same shi a tsohuwar makaranta. Ga yadda ni na gani.

Daren Talata dusa ta sauka kaɗan. Da safe na tattake rabin sawun, na ga sauran bai rufe ba, na koma don burodi yana wuta. Ya fita kamar kullum. Na gan shi ya wuce gonar dankali, ya shiga bayan ɗakin tururi. Na sunkuya na ciro burodi, na ɗago, bai fito ba. Na ce ko ya tsaya gyara ɗauri ne. Na jira. Na fita da silifas na duba cikin ɗakin tururi, na duba rumbu, har rijiya na leƙa. Sai daga baya na zagaya bayan ɗakin, na ga abin da ban taɓa zato ba: an buɗe shinge, ga sabon sawu ya ɓalle daga namu ya gangara tafki.

Veikko ne. Da yammacin Talata ya zo ya haɗa, bai gaya mini ba don kyauta yake son yi wa Baba. Har reshen itace ya kafa a mararrabar don a gani da kyau. Daga baya ya zo ya durƙusa a tsakar kicin ɗina, ƙaton mutum, yana kuka kamar yaro. "Sirkka, na rantse alheri na nufa. Mutumin da ya koya mini tsayuwa, in bar shi a gonar dankali mu muna yawo a tafki? Ai da kunya. Me ya sa ba ki gaya mini ba?" Kai ma ka ce in gaya masa. A coci na ga maganar a idonka, ka haɗiye ta. Gara ma da ka faɗa.

Na ɗaura katakan Mama na bi. Da Baban watan Janairu ne, da ko shinge bai kai ba na kamo shi. Amma wannan ni na gina shi da hannuna, kwano bayan kwano, zagaye bayan zagaye. Ya yi mini nisa. A kan tafki kuwa sawu ya rarrabu ko'ina, na kowane gida, na bi na coci na dawo, na bi na kanti na dawo, ina kiran "Baba!" iska tana mayar mini. Wannan tunanin ne yake hana ni sakat. Da na bar shi a kujera, da yanzu yana nan? Likita ya ce kujerar ma da ta kashe shi kafin kaka. Ban sani ba, Yaya. Zuciyata ta karye, shi kaɗai na sani.

A can hayin tafki, inda sawun kowa ya ƙare, na ga wani ya shiga sabuwar dusa shi kaɗai, ya nufi tudu. Mutumin da na rantse maka ba ya barin sawu. Na bi. Ban yi nisa ba katakaina suka fara karo da juna. Na yi tsaki, na ɗauka gajiya ce. Suka sake karo, na kife. Ina durƙushe na dubi ƙasa da kyau.

Sawun matsattse ne, Yaya.

Tun daga bakin tafki har ƙofar makaranta ya matse ƙafafunsa. A wurin hawan nan mai wuya har ya koma ya sake tattakawa don ya yi ƙarfi. Ba don kai ya yi ba, kai babba ne, ka iya da kowane sawu.

Na same shi zaune a kan matakalar makaranta, wadda aka rufe tun muna matasa. Ya cire katakansa ya kafa su a dusa a jere, ya jingina da ƙofa, fuskarsa tana kallon hanyar da ya buɗe. Jira yake yi. Na iso, amma na makara.

Duk hunturun nan ina cin raina yana ce mini Malama. Ashe bai manta da ni ba, a wurinsa ban girma ba ne. Yana ta ganin wata baƙuwar mata a kicin, 'yarsa kuwa tana can baya da gajerun ƙafafu, dusa ta fi ƙarfinta. Wannan ne na kasa faɗa maka muna miƙa wa juna gishiri.

Binnewa sai watan Mayu in daskararriyar ƙasa ta saki, ka sani. Amma kada ka mayar da tikitin Ista. Ba a sake yin dusa ba tun ranar, kuma Veikko ya bi gefen sawun ya kafa rassa har tudu don kada wani ya taka. Duk masu zamiyar garin nan ratsewa suke yi in sun zo wurin, har Impi. Sai dai rana ta fara ƙarfi, jiya na ga bakin tafki ya soma yin ruwa.

Ka zo da katakanka, ka zo da wuri. Ina so ka bi shi ko sau ɗaya, ka kife kamar da, ni kuma ina bayanka.

Ƙanwarka,
Gajeriya